Ga masu zuwa Ailan: ku ba Kilkenny kwana biyu, kuma ku dawo gida a kan lokaci



A 'yan shekarun nan mutanenmu da ke samun hanyar zuwa ƙasar Ailan suna ƙaruwa. Wani bikin kammala karatun ɗansa ne ya kai shi, wata ganin jika za ta, wani kuma ɗan'uwa ne ya gayyace shi hutu. Muna sane da haka domin wurinmu ake zuwa neman takardar shaidar zama ɗan ƙungiya idan ana haɗa takardun biza. Abin da ke damunmu shi ne irin tsarabar da ake dawo mana da ita. Mutum ya kashe miliyoyi a tikiti, ya yi mako biyu a ƙasar mutane, in ya dawo aka ce ya ba da labari, sai ya ce akwai sanyi, akwai ruwan sama, kaya kuma da tsada. Daga falon mai masauki sai kanti, daga kanti sai filin jirgi.

Matsayinmu a wannan magana shi ne, duk wanda Allah ya ba damar zuwa Ailan, ya ware kwana biyu ya bar Dublin, babban birnin ƙasar, ya je ƙaramin birni ya buɗe ido. Idan aka ce mu zaɓi guda ɗaya, Kilkenny za mu zaɓa. Sannan ya je a matsayin mai yawon buɗe ido na gaskiya, ya dawo ranar da ya ce zai dawo. Waɗannan abubuwa biyu tafe suke tare, kuma za mu faɗi dalili.

Kilkenny tana kudu maso yammacin Dublin, tazarar kusan kilomita 120. Jirgin ƙasa yana tashi daga tashar Heuston a Dublin, cikin awa ɗaya da rabi ya sauke ka. Ƙidayar 2022 ta nuna mazauna garin sun kai kusan 27,000, wato unguwa guda a Legas ta ninka su sau da yawa. Duk da haka sunan birni take amsawa, domin Sarkin Ingila James na Ɗaya ya ba ta takardar zama birni tun 1609. Kogin Nore ya ratsa ta tsakiya. Ba ka buƙatar tasi ko ɗan rakiya. Daga wannan bakin tsohon gari zuwa wancan bai fi mil ɗaya ba, dattijo ma zai taka shi a hankali yana hutawa. Manyan birane sun fara kama da juna, kantuna iri ɗaya, cunkoso iri ɗaya, kowa na sauri. A ƙaramin gari ne baƙo ke ganin yadda mutanen ƙasa suke, yadda suke gaisawa, abin da suke alfahari da shi da abin da suke baƙin ciki a kai.

Abin baƙin cikin ma shi ne zai fara tarar ka. Jikin tashar jirgin ƙasan akwai rukunin kantuna mai suna MacDonagh Junction. A da wurin gidan gajiyayyu ne da aka gina a farkon shekarun 1840 domin mutum 1,300. Da babbar yunwa ta afka wa ƙasar daga 1845 zuwa 1852, bayan cuta ta lalata dankalin Turawa wanda shi ne abincin talaka, mutanen da aka cusa a gidan suka haura 4,000. A 2005, ana shirin gina kantunan, aka tono ƙasusuwan mutum wajen 970 da aka binne a ramukan bai ɗaya, da yawansu yara ne. Mutanen garin suka sake binne su cikin mutunci, suka kafa abin tunawa, kuma har yau baƙo na iya zagayawa yana sauraron labarinsu. A wannan yunwa mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, wasu sama da miliyan suka tsere zuwa Amurka da Ingila da Kanada, alhali jiragen ruwa na ci gaba da fitar da hatsi da dabbobi daga ƙasar. Kafin yunwar mutanen tsibirin sun haura miliyan 8, kuma har yau ba su koma wannan adadi ba. Wanda ya tsaya a wannan wuri zai daina yi wa Bature kallon wanda aka haifa da cokali a baki. Zai gane cewa waɗannan mutane sun san yunwa, sun san mulkin mallaka a hannun wanda ya mallake mu, sun kuma san ci-rani fiye da yadda muke zato.

Daga nan sai ka ƙetare gada ka nufi fadar garin. Ginin dutse ne da William Marshal, ɗaya daga cikin jagororin mayaƙan da suka ƙetaro daga Ingila, ya fara a wajejen 1195. A 1391 zuriyar Butler suka saye ta, suka zauna a ciki har 1935. Hasumiya huɗu gare ta tun asali, uku na nan tsaye, ɓangare guda kuma ya sha wuta lokacin da sojojin Cromwell suka yi wa garin ƙawanya a 1650. Da gidan ya fi ƙarfin masu shi, rufi ya fara yoyo, sai magajin gidan ya sayar wa mutanen gari da shi a 1967 a kan fam 50 kacal. Aka gyara, aka mayar da hotuna da kujeru mazauninsu, aka buɗe wa jama'a. Shiga cikin ginin da kuɗi ne, amma makeken lambun da ke bayansa kyauta ne, kowa na shiga ya zauna da iyalinsa.

A nan muke so ɗan kasuwa ya buɗe ido sosai. Garin nan ba shi da man fetur, ba shi da tashar jirgin ruwa. Tsofaffin duwatsunsa da labarinsu ne jarinsa. Bargar dawakin fadar, da ke tsallaken titi, an mai da ita wurin masu sana'ar hannu tun shekarun 1960, inda maƙeran azurfa da masu tukwane da masaƙa ke aiki suna sayarwa. Ranar Alhamis manoma na baje kolinsu a dandalin ƙofar fada. A watan Agusta ana bikin fasaha na garin, otal-otal su cika. Akwai ma kamfanin finafinan katun mai suna Cartoon Saloon da aka kafa a garin a 1999, wanda finafinansa suka shiga takarar kyautar Oscar fiye da sau ɗaya, ɗaya daga cikinsu kuma a kan Kilkenny ta 1650 aka gina labarinsa. Mai shayi, mai otal, mai tasi, mai sayar da rigar ulu, duk daga wannan tukunya suke ci. Abin da ya sa baƙo ke buɗe aljihu shi ne tsafta, tsari, farashi a rubuce, da mutumin da ya san labarin abin da yake nunawa.

In ka bi babban titi za ka ga wani siririn lungu mai matakala da ake kira Butter Slip, tun 1616 yake, inda mata masu sayar da man shanu ke tsayawa saboda inuwarsa da sanyinsa. Gaba kaɗan akwai gidan John Rothe, wani attajirin ɗan kasuwa da ya yi gini tsakanin 1594 da 1610: shago a bakin titi, gida uku a jere ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tsakar gidansa, rijiya a ciki, lambu a ƙarshe. Duk wanda ya taso a gidan fatake zai ji kamar ya san wurin. Akwai kuma gidan Alice Kyteler, attajirar da aka zarga da maita a 1324. Ita ta samu hanya ta gudu, 'yar aikinta Petronilla aka kama aka ƙone da rai. Mutanen garin ba su ɓoye wannan abin kunya ba, suna ba da labarin kamar yadda ya faru, kuma mai sauraro ya san darasin: mai hali ya tsira, talaka ya biya.

Amma babban dalilin da ya sa muka zaɓi Kilkenny yana ƙarshen wannan titi. Za ka ƙetare wani ɗan rafi mai suna Breagagh, sai ka ga an rubuta Irishtown, ma'ana unguwar 'yan Ailan. Shekaru aru-aru garin nan gari biyu ne. Ɗaya na baƙin da suka zo daga Ingila, a kusa da fada. Ɗayan na 'yan ƙasa, a gefen babbar majami'a, da nasa shugaban, da tasa kasuwar, da ƙofa a tsakani. Sai a ƙarni na 19 aka haɗe su ƙarƙashin hukuma guda. Mu da muke zaune a Sabo, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Sabon Ibadan tun 1916 yake, kuma mun san yadda zama a unguwar da aka keɓe yake, da daɗinsa da ɗacinsa. Bambancin kawai shi ne a Kilkenny baƙi ne ke riƙe da wuƙa da nama.

A 1366 aka yi zaman majalisa a garin ƙarƙashin Lionel, ɗan Sarkin Ingila Edward na Uku. Damuwarsu ita ce jikokin baƙin sun fara rikiɗa suna zama 'yan ƙasa. Sai aka kafa dokokin da har yau ake kira da sunan garin. Aka hana baƙi auren 'yan ƙasa, aka hana ba su riƙon 'ya'ya, aka hana magana da harshensu, da raɗa sunayensu, da sa tufafinsu, da hawan doki irin nasu ba sirdi, har da wasansu na ƙwallon sanda. Abin dariya, dokar da ta wajabta Ingilishi da wani nau'in Faransanci aka rubuta ta, domin shi ne harshen manya a lokacin. Dokar ba ta yi aiki ba. Aure ya ci gaba, ciniki ya ci gaba, zumunci ya fi ƙarfin takarda.

Wasan da aka hana ɗin, hurling, yau shi ne ran garin. Ya yi kama da ƙwallon gora, sai dai ya fi shi sauri, ana ɗaga ƙwallon a kan sanda ana bugunta a iska. Yankin Kilkenny ya ci kofin ƙasa sau 36, fiye da kowane yanki, 11 daga ciki a hannun mai horarwa guda, Brian Cody. 'Yan wasan ba albashi ake biyansu ba. Malamin makaranta ne, manomi ne, ma'aikacin banki ne, yana buga wa mahaifarsa. Da yamma za ka ga yara maza da mata na tafe da sandunansu a hannu, tutoci baƙi da ruwan ɗorawa na rataye a tagogi.

Harshen kuwa labarinsa daban ne, kuma shi ne ya kamata ya hana mu barci. Abin da doka ta kasa a 1366, yunwa da ci-rani da neman abinci sun yi shi daga baya. Iyaye da kansu suka riƙa tura 'ya'yansu ga Ingilishi domin shi ke kawo aiki. Yau harshen Ailan shi ne na farko a tsarin mulkin ƙasar, yana kan kowane allon hanya, ana koyar da shi a kowace makarantar gwamnati. Sunan garin ma a harshen Cill Chainnigh ne, wato majami'ar Canice. Amma a ƙidayar 2022, cikin mutum sama da miliyan 5, waɗanda ke magana da shi kullum a wajen aji ba su wuce 72,000 ba. Mai yawo zai yini a Kilkenny yana karanta harshen a bango bai ji shi a bakin kowa ba. Mu da 'ya'yanmu ke amsa mana Hausa da Turancin buroka, ya kamata mu ga wannan da idonmu. Gani ya kori ji.

Wanda ƙafarsa ke da ƙwari ya ƙarasa da hawa hasumiyar da ke gefen majami'ar Canice. Ta girmi majami'ar da ɗaruruwan shekaru, tsawonta kusan mita 30, ana hawa ta tsanin katako mai matakala sama da 100. Daga sama garin duka na tafin hannunka, fada a can, unguwar 'yan ƙasa a ƙarƙashinka, gonaki kore shar har iyakar gani.

Mun san abin da wasu za su ce. Na farko, kuɗi. Gaskiya ne, Yuro ba ta wasa da Naira, kuma kwanan otal a Ailan na da tsada. Amma wanda ya iya biyan tikitin zuwa Turai, kuɗin jirgin ƙasa da kwana ɗaya ko biyu ba su ne za su karya shi ba. Sau da yawa abin da ake kashewa a turare da takalman tsaraba, waɗanda akwai irinsu a Balogun, ya fi haka. Wanda aljihunsa ya yi ƙasa ya yi sammako ya je ya dawo a rana guda, ya sayi tikitin jirgi ta intanet tun da wuri domin ya fi sauƙi.

Na biyu, giya. Ba za mu ɓoye ba, garin na da mashaya birjik, kuma giyar Smithwick's da ta samo asali a can tun 1710 na cikin abubuwan da ake tallata wa baƙi. Da daren Juma'a da Asabar titunan tsakiyar gari na cika da masu shagali. Maganin wannan mai sauƙi ne: ka je a tsakiyar mako, ka yi yawonka da rana. Duk abin da muka lissafa a sama babu wanda ke buƙatar ka taka ƙofar mashaya.

Na uku, abinci da ibada. Karin kumallon da otal ke bayarwa yakan zo da naman alade da wani tsiran da ake yi da jini, saboda haka ka faɗa tun farko cewa ƙwai da burodi da wake da shayi kake so. Kifi da soyayyen dankali na ko'ina, sai dai ka tambaya ko an kwaɓa fulawar da giya, domin wasu na yin haka. Akwai Musulmi mazauna garin da wurin sallarsu, matambayi kuma ba ya ɓata. A kula da lokaci: a watan Yuni rana na fitowa wajen ƙarfe 5 na safe, ba ta faɗuwa sai kusan 10 na dare, a Disamba kuwa ƙarfe 4 da 'yan mintuna magariba ta yi. Alƙibla daga can gabas ce da ta karkata kudu. Ruwan sama ba shi da damina ba shi da rani, don haka rigar ruwa da takalmin tafiya sun fi babbar riga amfani a ranar yawo. Motoci kuma ta hagu suke bi, a duba dama kafin a tsallaka titi.

Yanzu ga maganar da ta fi kowacce nauyi. Ɗan Najeriya na buƙatar bizar Ailan ta kanta. Bizar Ingila ba ta shigar da shi, bizar Shengen ta su Faransa da Jamus ma ba ta shigar da shi, domin Ailan ba ta cikin wannan tsari. Haka kuma bizar Ailan ba ta kai mutum Belfast, domin arewacin tsibirin ƙarƙashin Birtaniya yake, ko da yake babu shinge a kan hanya. Wanda zai canza jirgi a Landan ya binciki bizar wucewa tun kafin ya biya tikiti. Bizar ziyara ba ta wuce kwana 90, ba ta halatta aiki, kuma jami'in filin jirgi ne ke buga ranar da za ka fita. Wanda aka kama da takardar bogi ana iya hana shi sake nema har shekara 5. Haihuwa a ƙasar ba ta ba jariri zama ɗan ƙasa kai tsaye tun bayan ƙuri'ar raba gardama ta 2004. A watan Yuni na 2025 jirgin shata ya kwaso mutum 35 daga Dublin ya sauke su a Legas, har da yara.

Muna faɗin wannan ne domin mun san akwai masu cewa yawon buɗe ido a baki, zuciyarsu kuwa ɓacewa. Wanda ya yi haka ya jefa kansa cikin rayuwar ɓoyo a ƙasar da 'yan ƙasa ma ke kukan ƙarancin gidaje, ya jefa ɗan'uwan da ya gayyace shi cikin matsala, ya kuma toshe ƙofa ga uwar da ke son zuwa bikin kammala karatun ɗanta baɗi. Jami'in biza ba ya ganin zuciya, tarihin waɗanda suka riga ka yake gani. Wake ɗaya ke ɓata gari. Sunanmu a can bai rasa masu ɗaga shi ba. A 2007 garin Portlaoise, da ba shi da nisa da Kilkenny, ya zaɓi Rotimi Adebari, haifaffen Najeriya, ya zama magajin gari, baƙar fata na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a ƙasar. Akwai likitoci da ma'aikatan jinya da ɗalibai namu da ke riƙe da mutuncinsu. Kada ziyarar mako biyu ta ɓata abin da suka yi shekaru suna ginawa.

Saboda haka muna sanar da 'yan'uwa cewa takardar shaidar ƙungiya amana ce. Wanda ya zo nema za mu tambaye shi ranar tafiya da ranar dawowa, in ya dawo kuma muna so ya leƙo ofis a gaisa. Muna kuma roƙon duk wanda ya je, a taron wata na gaba a ba shi minti goma ya faɗa wa jama'a abin da ya gani, musamman matasa. Ya kawo hoton allon hanya mai harshe biyu, ya kawo labarin fadar da aka sayar fam 50, ya faɗa wa yaranmu cewa akwai mutanen da suka saki harshensu yau suna kashe dukiya suna neman sa. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma sai ga wanda ya tafi da ido a buɗe ya kuma dawo ya ba da labari.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, Ya sa albarka a abin da suka gani. Amin.

Sakataren Ƙungiya